Ƙaramar kyamarar aljihu: yadda ake zaɓenta, a saita ta, a kuma kare ta daga ƙurar Zariya

Kyamarar aljihu ita ce wadda madubinta, wato gilashin gaba da haske yake shiga ta cikinsa, yake haɗe da jikinta, ba a cire shi a sauya wani. Ka kunna, madubin ya fito. Ka kashe, ya koma ciki. Canon IXUS da PowerShot, Sony Cyber-shot, Nikon Coolpix da Panasonic Lumix duk 'yan gida ɗaya ne. Tun da wayoyi suka yi ƙarfi kamfanoni suka rage ƙera irinsu, shi ya sa yawancin waɗanda za ka ci karo da su a shagunan Sabon Gari ko PZ, ko a hannun ɗalibai a Samaru, na hannu ne. Kafin ka zaro kuɗi, ka fara sanin abin da za ta yi maka wanda wayarka ba za ta iya ba, domin ba a kowane fage take gaban waya ba.

Inda ta fi waya, da inda waya ta fi ta

Babban ƙarfinta janyo nesa. Zum ɗinta na gaskiya ne: gilasan da ke cikin madubin ne suke motsi, hoton ya matso ba tare da ya farfashe ba. Yawancin wayoyi kuwa yanko tsakiyar hoton suke yi su buɗa shi, shi ya sa fuskar mahayin doki take narkewa idan ka janyo ta daga bayan taro. Canon IXUS 185 tana janyowa sau 8, Panasonic TZ90 sau 30, Canon SX740 HS sau 40. Wanda ya tsaya nesa a ƙofar fada ranar hawan sallah zai iya cika hotonsa da rawani da kwalliyar doki ba tare da ya kutsa cikin jama'a ba.

Sai filasha. Fitilar waya haske ne mai rauni da ke ci gaba da ci, ita kuwa filashar kyamara walƙiya ce mai ƙarfi ta ɗan ƙanƙanin lokaci, tana daskarar da motsi, tana fito da launin atamfa da leshi tar. Ga kuma batir nata daban da katinta na ajiyar hotuna daban: ka wuni kana ɗauka a wajen biki, cajin wayarka yana nan, kira ba ya katse maka aiki.

Rauninta duhu. Masu arha suna ɗauke da sensa ƙarama, wato allon da yake kama hoton a ciki, kuma ba su da dabarar wayoyin zamani ta ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido a haɗe su wuri guda. Bayan magariba, in ba ka sa filasha ba, waya mai kyau ta fi ta nesa ba kusa ba. Tana kuma da jinkiri: daga kunnawa zuwa fitowar madubi, daga latsawa zuwa ɗauka, daga walƙiya ɗaya zuwa ta gaba, ko'ina akwai ɗan jira. Yawancinsu ba su da ƙaramar tagar leƙawa, sikirin kawai, kuma ranar Maris da Afrilu a Zariya tana sa da ƙyar ka ga abin da ke kansa. Hoton ma ba ya tafiya WhatsApp kai tsaye sai ka kwashe shi. Sannan ga ƙura, wadda ita ce ajalin mafi yawansu, za mu zo kanta.

Mataki na farko: karanta lambobin da suka dace

Mai shago zai fara gaya maka yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto. Wannan ita ce lambar da ta fi kowace rashin amfani a wajen zaɓe. Hoton da za a wanke a girman inci 4 da 6 megafiksel 2 ya ishe shi, na inci 8 da 10 kusan 7, cikakkiyar takardar A4 kusan 9. Duk kyamarar da ta kai 12 ta wadatar.

Abin dubawa na farko girman sensa, wato allon da haske yake sauka a kai a bayan madubi. Kamar tarar ruwan sama ne: babban baho ya fi kofi tara ruwa a lokaci guda. Yawancin masu arha da masu dogon zum suna da sensa mai lamba 1/2.3, faɗinta kusan milimita 6.2 da 4.6. Masu tsada irin Sony RX100, wadda ta fara fitowa a 2012, da Canon G7 X ta 2014, suna da wadda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8. Filinta ya ninka na ƙaramar kusan sau huɗu. Dukansu biyu za a iya rubuta musu megafiksel 20, amma a ɗakin amarya da dare bambancinsu a fili yake: ɗaya fuska sumul, ɗaya yashi-yashi.

Na biyu, lambar da ke zagaye da bakin madubi, irin 1:1.8–4.9 ko 1:3.3–6.9. Wannan faɗin ƙofar da haske yake shiga ne, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ta farko tana nufin lokacin da ba ka janyo ba, ta biyu lokacin da ka janyo har ƙarshe. Madubi mai 1.8 yana shigar da haske fiye da ninki uku na mai 3.3. Mai 3.3–6.9 kuma, da zarar ka kai ƙarshen zum, hasken da ke shiga ya ragu fiye da sau huɗu. Wannan ne dalilin da dogon zum yake aikin rana kawai.

Daga nan zaɓi ya rabu. Mai son hotunan suna, walima, kamu da zaman gida ya nemi mai sensa inci ɗaya ko da zum ɗinta gajere ne. Mai son hawa, wasan ƙwallo, tsuntsayen bakin dam ko dutsen Kufena daga nesa ya nemi mai dogon zum, ya kuma tabbatar tana da maganin rawar hannu a cikin madubi. Canon na rubuta IS, Nikon VR, Panasonic O.I.S., Sony kuma Optical SteadyShot. Ɗalibin aikin gona ko na gine-gine da zai riƙa shiga fili ya duba dangin Olympus Tough. TG-6 ta 2019 tana jure ruwa har zurfin mita 15, kuma madubinta ba ya fitowa waje, don haka ƙura ba ta da hanyar shiga. A ganinmu, ga mai yawo a kan babur a hanyoyin ƙauye, wannan siffar ta fi kowace lamba daraja.

Mataki na biyu: gwada ta hannu kafin ka biya

Ka je da katinka, kuma kada ka yarda da “ai caji ne babu”. In ba ta kunnu a gabanka ba, ba a yi ciniki ba.

Kunna ta ka kashe sau biyar a jere, kunnenka kusa da ita. Madubi lafiyayye yana fita da sauti ɗaya mai laushi. In ka ji ƙarar gurzawa, ko ya tsaya ya ci gaba, ko ya fito a karkace, akwai yashi a cikin haƙoransa ko ta taɓa faɗuwa. Ja zum daga W, inda ba a janyo ba, zuwa T, ƙarshen janyowa, a hankali, ka dawo. Duba 'yan ganyayen da ke rufe bakin madubi, su buɗe duka su rufe duka. In ɗaya ya maƙale, gefen hoto zai riƙa yin baƙi.

Haska fitilar waya cikin madubin ta gefe. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce. Abin gudu shi ne zare-zare fari mai rassa, wato fumfuna, da hazo a cikin gilashi, da karce a tsakiya.

Yanzu gwajin da mutane suka fi mantawa. Janyo zum har ƙarshe, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka buɗa hoton a sikirin ka bi shi lungu-lungu. Tabo mai duhu da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa. A babbar kyamara ana cire madubi a goge, a wannan kuwa sai an warware ta gaba ɗaya, kuma sau da yawa kuɗin aikin ya kusa kuɗin kyamarar. Bayan haka ka ɗauki hoto a waje da rana tsaka. In ya fito fari fat ko da layuka a kwance alhali na cikin shago ya yi kyau, ƙofar ƙiftawarta, wadda take buɗewa ta rufe lokacin ɗauka, ta maƙale, kada ka saya.

Ɗauki hoto da filasha sau uku, ka lura da tsawon jiran da take yi tsakani. Ciro batir ka ɗora a kan tebur: in yana lilo ko ya kumbura, ya mutu. Leƙa ramin batir, kada a ga tsatsa ko farin gari. Karanta lambar batir ɗin, irin NB-11L ko NB-13L na Canon, NP-BN ko NP-BX1 na Sony, ka tambaya ko ana samunsa kafin ka saya. Mai amfani da batir AA tana da sauƙi ta nan, sai dai a sa mata masu caji na NiMH, domin batir ɗin tocila na kanti ba ya ɗaukar ta ko'ina.

Kati ma yana da tarko. Tsofaffin Sony suna cin Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm suna cin xD, kuma dukansu wahalar samu gare su yanzu. Ko a masu cin SD akwai aji uku: SD har 2GB, SDHC daga 4GB zuwa 32GB, SDXC daga 64GB zuwa sama. Kyamarar da ta tsufa ba za ta karanta SDXC ba, wadda ta fi ta tsufa ko SDHC ba za ta gane ba. Kati biyu na 16GB ko 32GB sun fi ɗaya babba, don in ɗaya ya lalace ba a rasa komai da komai ba. Hoton megafiksel 20 yakan ci 5MB zuwa 8MB, ke nan 32GB zai ɗauki wajen hotuna dubu huɗu zuwa dubu shida.

Mataki na uku: saitin ranar farko

Sa kati, ka shiga menu ka yi masa Format a cikin kyamarar kanta, ba a waya ko kwamfuta ba. Wannan yana share duk abin da ke kai, don haka ka kwashe tukuna. Gyara kwanan wata da lokaci, amma ka kashe Date Stamp, domin kwanan da aka buga a jikin hoto ba ya goguwa. Girman hoto ka sa L, inganci Fine ko Superfine. Kashe Digital Zoom gaba ɗaya. Shi ne yankan nan irin na waya, kuma yana ɓata abin da ka sayi kyamarar dominsa. In akwai zaɓin tsarin bidiyo na NTSC da PAL, ɗauki PAL, saboda wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma bidiyo mai hoto 25 ko 50 a daƙiƙa ya fi kauce wa rawar haske a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Sannan ka bar Auto ka koma P. A nan ne kyamara take ba ka ikon abubuwa ukun da za ka riƙa taɓawa kullum: ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, sai filasha, da maɓallin ƙara ko rage haske mai alamar +/-. A ƙaramar sensa, ISO 100 zuwa 200 da rana, 400 a inuwa, 800 iyaka. A mai inci ɗaya za ka iya kai 1600, har 3200 in dole ta sa.

Mataki na huɗu: latsawa biyu

Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi, kuma rashin sanin haka ne ya ɓata hotuna fiye da kowace matsala. Latsa rabi, ka tsaya. Kyamara za ta nemo abin da za ta fayyace, ta yi ƙara, akwatin da ke sikirin ya zama kore. Sai ka ƙarasa latsawa a hankali da tsokar yatsa. Wanda ya danna gaba ɗaya lokaci guda, ko dai hoton ya fito dishi-dishi, ko a ɗauka bayan abin ya wuce. In mutumin ba a tsakiya kake son sa ba, ɗora akwatin a fuskarsa, latsa rabi, riƙe, karkata kyamarar yadda kake so, sannan ka ƙarasa.

Riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, igiyar a wuyan hannu. Kula da yatsan hagu, yana yawan rufe filasha.

Fararen kaya da baƙar fata

Nan ne aikin yake, domin kyamara ba ta san Zariya ba. Tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta nemi matsakaici. Ranar Juma'a ko ranar sallah, mutum ya sha farar shadda, bayansa farin bango ko sarari mai haske, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage. Rigar ta koma toka-toka, fuska ta dushe har ba a gane mai ita. Hula da rawani kuma suna ƙara jefa inuwa a kan ido.

Magani uku ne, kuma an fi so a haɗa su. Na farko, matsar da mutum inuwa mai haske, bakin zaure ko gindin bishiya, fuskarsa tana kallon inda haske yake fitowa, bayansa kuma wuri mai ɗan duhu. Na biyu, danna +/- ka ƙara zuwa +0.7, in bai isa ba +1. Duba sikirin: in aikin wuyan riga ya ɓace ya zama fari fat, ka wuce, rage zuwa +0.3. Abin da ya ƙone fari ba ya dawowa ko da gyara a kwamfuta, amma fuska mai ɗan duhu ana iya ɗago ta. Na uku, wanda mutane suke mamaki: kunna filasha da rana tsaka. Zaɓi alamar walƙiya ta dole, ba ta Auto ba, ka tsaya taku biyu zuwa uku daga mutumin. Walƙiyar za ta cike inuwar ƙarƙashin hula ba tare da ta taɓa bayan hoton ba. In ka gama, mayar da +/- kan sifili, don yawancinsu suna riƙe saitin ko an kashe su.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar sakaliya. Ginin ƙasa da zanen bango na cikin birni, ko ragowar ganuwa, a wannan lokacin ne suke nuna kaurinsu, don haske yana zuwa ta gefe. A hunturu hazo yana wanke launi, kuma duk yadda ka janyo nesa haka hazon yake ƙaruwa tsakaninka da abin. Babu saitin da ke maganin wannan sai matsawa kusa.

Dawakai da duk abin da ke gudu

Doki a guje yana son ƙiftawa ta 1/1000 na daƙiƙa, mai tafiya 1/500 ta isa. In kyamararka tana da S ko Tv, wato wurin saita saurin ƙiftawa, sa lambar da kanka. In babu, shiga SCN ka zaɓi Sports, ko ka zauna a P ka ɗaga ISO zuwa 400, ita da kanta za ta ƙara sauri. Kunna ɗauka a jere. Saboda jinkirinta, kada ka bi doki kana neman sa: zaɓi wurin da zai ratsa, latsa rabi a kan wani abu da ke daidai wannan nisan, ka jira ya shigo. A ƙarshen zum kuma, ko numfashinka yana girgiza hoto, don haka jingina da bango ko ka ɗora gwiwar hannu a kan wani abu.

Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da cikin gida, kuma kada ka fito da kyamara a kusa da bariki da shingen jami'an tsaro.

Biki da dare

Filashar ƙaramar kyamara ba ta wuce kusan mita uku, in ka janyo zum ma ba ta kai haka. Wanda ya tsaya ƙarshen zauren taro ya haska, ƙeyar na gabansa kawai zai samu. Mayar da zum W, ka taka da ƙafarka. Kada ka matsa ƙasa da mita ɗaya, fuska za ta yi fari, kwalliya ta yi ƙyalli. Janye mutane taku biyu daga bango don inuwarsu ta faɗi ƙasa, kuma kada ka fuskanci madubin ɗaki ko gilashin taga kai tsaye. A hoton rukuni, jera su layi biyu kusa da juna, in ba haka ba na gaba su ƙone na baya su nutse. Filasha tana shan batir sosai. Yawancin waɗannan kyamarori hoto 200 zuwa 300 suke yi a caji ɗaya, don haka batir na biyu dole ne ga mai zuwa biki.

Kwashe hotuna

Hanya mafi sauri ita ce abin karanta kati mai shiga bakin cajin waya. Kashe kyamara, jira fitilarta ta daina ƙiftawa, sannan ka zare kati; zarewa tana cikin rubutu ne yake lalata shi. Kwafa, kada ka yanke, sai ka tabbatar hotunan sun buɗe a wuri biyu kafin ka sake yin Format. Wanda za a kai situdiyo a wanke, a tura shi a WhatsApp a matsayin Document, domin turawa ta hoto tana matse shi.

Ƙura, zafi da damina

Duk fita da komawar madubi iska yake zuƙa, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Zariya ƙura ce zalla. Kada kyamara ta zauna tsirara a aljihun riga ko cikin jaka tare da makullai. Zaren aljihu da yashi su ne suke shiga tsakanin zobban madubi. Sa ta a jakarta mai zif, a hunturu kuma ka ƙara da leda mai rufewa. Kada ka kunna ta a kan babur ko lokacin da dawakai suka tayar da ƙura dab da kai. Kafin ka kashe ta bayan irin wannan fita, juya madubin ƙasa, ka hure zobban da 'yar robar hura iska, sannan ka bari ya koma ciki.

Gilashin gaba kuma a fara hurewa, sannan a shafa da ƙyallen goge tabarau, daga tsakiya zuwa gefe. Gefen riga da tishu suna jan yashi a kan gilashi su karce shi. Hurawa da baki tana watsa yawu.

In ta rubuta Lens error, ko ta ce a kashe a sake kunnawa, kada ka tura madubin da hannu, haƙoransa na roba ne. Cire batir na minti ɗaya, sa wanda ya cika, domin batir mai rauni ma yana kasa tura madubi. Juya ta ƙasa, hure zobban, ka kunna. In sau biyu ko uku ba ta tashi ba, kai wa mai gyaran kyamara, kuma kada a ɗiga mata mai kowane iri.

A bazara kada a bar ta cikin mota a rufe, zafi yana kumbura batir yana lalata sikirin. Yi caji ta stabilaiza in wutar tana hawa da sauka, ko da fawa bank ga masu caji ta USB. A watan Agusta kuwa laima ce abokiyar gaba: ajiye ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika irin na kwalin takalmi, ka riƙa fito da ita tana shan iska duk mako biyu. In ka fito daga ɗaki mai sanyin AC gilashi ya yi gumi, bar ta a jaka minti goma sha biyar kafin ka kunna. In za ta daɗe a ajiye, cire batir ɗin da kusan rabin caji, ka riƙa ɗan ƙara masa duk bayan wata biyu ko uku.